Filin Tambayoyin Manoma: Tsutsar Saiwa da Irin Hatsin da ke Turje Mata

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo a kan abu ɗaya suke: cutar da ke cin hatsi ta ƙarƙashin ƙasa, manomi yana duban ganye yana zargin taki. Mun haɗa su wuri guda, masana cututtukan shuka da masu kyautata iri da ke amsa tambayoyin wannan fili suka duba su. Sunan abin a kimiyyance nematod, a nan kuwa za mu riƙa ce mata tsutsar saiwa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan masarata tana yin tabo-tabo. Nan ta yi kore shar, taku goma gaba ta tsumbure ta yi rawaya, kuma kullum a wuraren nan dai. Na ƙara yuriya, ba ta motsa ba. Babu wuta-wuta a gonar. Wani ya ce tsutsar ƙasa ce, na tona ban ga ko ɗaya ba. Daga wani manomi, yankin Giwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ko da gonar duka ka tone ba za ka gan ta da ido ba. Tsawonta kamar rabin milimita ne, ta fi gashin kai siranta, jikinta kuma garai yake kamar ruwa. Ba tana ba ce, wadda amfani take yi wa ƙasa, ba kuma gwazarma ba ce. A bakinta akwai tsinke mai rami kamar allurar likita, da shi take huda saiwa ta tsotse abin da ke ciki.

Abin da ka bayyana ya yi kama da aikinta, musamman yadda tabon ke dawowa wuri ɗaya kowace shekara. Da ƙarfin kanta ba ta yin nisa a cikin ƙasa, sai dai garma ko ruwa su ɗauke ta, shi ya sa tabon yakan miƙe ta bin kunya. Dalilin da yuriya ba ta yi aiki ba kuwa a fili yake: takin yana nan a ƙasa, bakin da zai sha shi ne aka cinye. Irin wannan masara takan yi yaushi da tsakar rana ko da ƙasa tana da danshi.

Wadda ta fi damun masara da dawa da shinkafar tudu a ƙasashenmu masu zafi ita ce mai sa wa saiwa miki, dangin Pratylenchus, musamman zeae da brachyurus. Wannan shiga take yi cikin ɓawon saiwa tana tafe tana ci tana zuba ƙwai. Daga ƙwai zuwa uwa mai yin nata ƙwan, mako uku zuwa shida ne gwargwadon zafin ƙasa, don haka takan juya sau da yawa a damina ɗaya. Da rani ta naɗe ta bushe kamar matacciya, ruwan shuka na sauka ta farka. Mikin da ta bari kuma ƙofa ne ga cututtukan ruɓa irin su Fusarium, sai ɓarnar ta zama biyu.

Ga yadda za ka duba. Mako huɗu zuwa shida bayan shuka, ka sa shebur ko fartanya ka haƙo masara biyar daga bakin tabon, inda mai lafiya da marar lafiya suka haɗu, da wasu biyar daga inda gonar ta yi kyau. Kada ka tumɓuke da hannu, domin ƙananan saiwoyin da ake son gani su ne za su tsinke su zauna a ƙasa. Ka haƙa kamar taƙi ɗaya daga gindi, zurfin santimita 25 zuwa 30, ka ɗago da ƙasar duka. Jiƙa a bokitin ruwa na minti goma sha biyar, ka girgiza a hankali har ƙasar ta zube, sannan ka shimfiɗa saiwoyin a kan farin faranti mai ɗan ruwa, na nan gefe, na can gefe. Lafiyayyar saiwa fara ce sol, ga rassa da gashi cunkus. Wadda tsutsa ta ci za ka ga ta yi ƙaranci, rassan sun ragu, akwai zane-zane ja-ja ko baƙi-baƙi a tsawonta, wani wurin ma in ka murza ɓawon zai saɓule ya bar zaren tsakiya.

Ka lura da abu ɗaya tun da saiwar tana hannunka. Wuta-wuta tana fara shan masara makonni kafin ta huda ƙasa, saboda haka duba ko akwai fararen tsiro masu kauri manne da saiwar. Haka nan gara, da ƙasa mai tsami, da dandaɓaɓɓiyar ƙasa da saiwa ta kasa hudawa ta lanƙwashe, duk suna kawo tabo. Wankin saiwa zai rage maka zato, amma ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗi sunan tsutsar da yawanta.

Tambaya: Ni malamin gona ne. Yaya ake ɗiban ƙasar da za a kai gwajin wannan tsutsa, kuma ina ake kai wa? Daga Ɗanja.

Amsa: Malam, yawancin sakamakon da ke dawowa ba daidai ba tun daga gona aka ɓata shi, ba a ɗakin gwaji ba. A raba gonar gwargwadon yanayin ƙasa da abin da aka shuka bara, kada yanki ɗaya ya wuce hekta ɗaya zuwa biyu. A kowane yanki a bi ta gicciye, hagu da dama, a ɗebi ƙasa wuri 20 zuwa 30. A share busasshiyar ƙasar sama kamar santimita biyu, a ɗebo daga nan zuwa zurfin santimita 20 ko 30, kusa da gindin shuka inda saiwa take. A gauraya a bokiti da hannu, a hankali, a cire kimanin kilo ɗaya a zuba a leda, a haɗa da saiwa cikin tafin hannu guda. Saiwar dole ce, domin a tsakiyar damina mafi yawan masu sa miki suna cikin saiwa, ƙasar kaɗai za ta nuna kaɗan.

Kada a ɗebi tsakiyar tabo inda shuka ta riga ta mutu, tsutsar ta bar wurin ko ta mutu da yunwa. Bakin tabo ake ɗiba, a kuma ɗebi na wuri mai lafiya a leda dabam don kwatanci. Abin da ya fi kashe samfuri shi ne zafi: leda a bayan babur ko a but ɗin mota da rana, awa biyu sun isa. A sa a inuwa ko cikin kula, ban da firiza, a kai cikin kwana biyu zuwa uku. A rubuta sunan gona da kwanan wata da abin da aka shuka shekara biyu baya a jikin ledar ta waje.

Dalilin wannan lallaɓawa shi ne yadda ake fitar da ita. Ana shimfiɗa takardar tishu a kan rariya, a zuba ƙasa mililita 100, a ɗora a faranti mai ruwa daidai yadda zai taɓa ƙasar, a bari awa 24 zuwa 48. Mai rai ce kaɗai za ta yi iyo ta ratsa takardar ta faɗa ruwan, inda za a ƙirga ta da madubin ƙara girma. Wadda zafi ya kashe a hanya ba za ta shiga lissafi ba, sai a ce maka gonar lafiya lau.

Sashen kare amfanin gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta Ibadan, da tsangayoyin aikin gona na jami'o'i su ne wuraren nema. A Nijar a tuntuɓi INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar. Ka roƙi a rubuta maka sunan nau'in, ba adadi kawai ba.

Tambaya: Ina karatun aikin gona. A littattafanmu ana cewa wani iri yana da turjiya ga nematod, wani kuma yana da juriya, malaminmu ya ce ba abu ɗaya ba ne. Ni kam ban ga bambancin ba, tunda duka dai irin bai mutu ba. Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Malama, malaminku ya yi gaskiya, kuma duk abin da ke cikin wannan fili na yau a kan wannan bambanci ya rataya. Turjiya magana ce a kan abin da shuka ke yi wa tsutsa: tana barin ta ta hayayyafa, ko tana hana ta. Juriya kuwa magana ce a kan abin da tsutsa ke yi wa shuka: ta iya ba da amfani duk da ana cin ta, ko ta kasa. Juriya a buhu ake auna ta ranar girbi. Turjiya a cikin ƙasa ake auna ta, kuma ribarta sai baɗi.

Ga ma'aunin. Ana ƙirga tsutsa kafin shuka, a sake ƙirgawa bayan girbi, a raba na ƙarshe da na farko. In sakamakon bai kai ɗaya ba, irin ya rage ta, mai turjiya ne. In ya haura ɗaya, ya ƙara ta. A matsayin misali, gona mai tsutsa 1,000 a kowane kilo na ƙasa: iri ɗaya ya bar 500, wani ya bar 5,000. Mai yiwuwa ne su biyun su ba da buhu daidai wa daida a bana, amma gonar da suka bari ba ɗaya ba ce.

Inda aka fi ganin wannan a aikace shi ne Ostireliya. A jihohin Ostireliya ta Kudu da Biktoriya, tsutsa mai ƙunshin ƙwai, Heterodera avenae, ta daɗe tana durƙusar da alkama da sha'ir. Rayuwarta dabam take da mai sa miki. Ƙaramar tana shiga ta bayan tsinin saiwa, ta nemi kusa da jijiyar da abinci ke bi, ta zauna ba ta ƙara motsi. Sai ta tofa wani yawu da ke narkar da bangon ƙwayoyin saiwar da ke kewaye da kanta, su haɗe su zama akushi guda da shukar ke ta zuba wa abinci. Macen tana ci tana kumbura har ta fasa saiwar ta fito waje, fara, siffar lemun tsami, girman kan allura. Wannan ita ce kaɗai ake iya gani da ido, wajen lokacin da alkama ke fitar da kai. Daga nan ta mutu, fatarta ta ƙeƙashe ta koma ruwan ƙasa, ta zama jaka mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai. Zuriya ɗaya take yi a shekara. Saiwar alkamar da ta kama takan yi ƙulli-ƙulli da tarin gajerun rassa kamar gemu.

To, me iri mai turjiya yake yi? Ba ya hana ta shiga. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tana shiga, ta fara gina akushinta, amma cikin ɗan lokaci ƙwayoyin da ke kewaye su lalace, akushin ya yanke daga jijiyar abinci. Namiji abinci kaɗan ke isarsa, mace kuwa sai da yawa, don haka maza su fita, mata kaɗan ne ke kaiwa ga yin ƙwai. Kin ga ke nan raunin farko ya riga ya auku. Idan ƙasar cike take da tsutsa, iri mai turjiya marar juriya zai sha wuya a bana, ya yi rawaya ya ƙi yin 'ya'ya, alhali yana share wa shukar baɗi gona.

Wanda ya fi haɗari shi ne kishiyarsa, mai juriya marar turjiya. Ya yi kyau, ya cika rumbu, manomi ya yaba, a ƙarƙashi kuwa yana kiwon tsutsa. Shekarar da aka sauya zuwa wani irin da ba ya jurewa, gonar ta rushe, a ɗora laifin a kan sabon iri.

Abin da ya juya lamarin a Ostireliya shi ne sha'ir mai suna Galleon da aka fitar a 1981, mai turjiya kuma mai amfanin da manoma suka yarda da shi. A 1982 aka fitar da alkama Katyil mai turjiya, amma ba ta kai sauran iri amfani ba, manoma ba su rungume ta ba. Darasi ne ga duk mai kyautata iri: turjiyar da ba ta zo da buhu ba a kan shiryayye take ƙarewa. Daga baya aka sami alkama irin su Molineux da Frame da Yitpi, masu ɗauke da ƙwayar gado Cre8 da ta samo asali daga wani iri mai suna Festiguay. Akwai kuma Cre1, da Cre3 wadda aka ɗauko daga Aegilops tauschii, wata ciyawar daji da ke cikin kakannin alkama. Da aka haɗa waɗannan da hutun shekara biyu, a shuka dangin wake ko wani abin da ba ciyawa ba, a kuma kashe gyauro da ciyayin da tsutsar ke rayuwa a kansu, sai yawanta ya faɗi ƙwarai, domin mafi yawan ƙwan yana ƙyanƙyashewa kowace shekara ko da abinci ko babu.

Mai sa miki ba ta zo da sauƙi haka ba. Ba ta gina akushin da za a rushe mata, kuma tana cin shuke-shuke iri-iri. Turjiyar da ake samu a kanta rabi-rabi ce, daga ƙwayoyin gado da yawa, ko da yake an san guda ɗaya, Rlnn1, a alkama Excalibur, mai aiki a kan Pratylenchus neglectus. A Kwinsland da arewacin Niyu Sawut Wels na Ostireliya, inda Pratylenchus thornei ta fi ƙarfi, ana ɗaukar tsutsa 2 a kowane giram na ƙasa, wato 2,000 a kilo, a matsayin iyakar da alkama marar juriya ke fara asara, kuma in ta yi yawa asarar kan haura rabin amfanin gona. Shi ya sa jadawalin iri da ake ba manomansu yake da layi biyu ga kowace tsutsa, ɗaya na turjiya daga R (mai turjiya) zuwa VS (marar turjiya sam), ɗaya na juriya daga T (mai juriya) zuwa VI (marar juriya sam), kuma kafin shuka manomi kan aika ƙasa a yi mata gwajin PreDicta B, wanda ke gano nau'in da yawansa ta ƙwayar halitta.

Tambaya: Ranku ya daɗe, tunda Turawa sun riga sun samo alkamar da tsutsa ba ta ci, me zai hana a kawo mana ita mu shuka? Daga manomin alkama, Kadawa.

Amsa: Alhaji, kowace ƙwarya da abokin burminta. Babu irin da ke turje wa tsutsar saiwa gaba ɗaya, kowane iri nau'i ɗaya ko biyu yake turje wa. Ƙwayoyin Cre a kan mai ƙunshin ƙwai kaɗai suke aiki, ba ruwansu da mai sa miki. Ita kuma Heterodera avenae tsutsar ƙasashe masu sanyin hunturu ce, ƙwanta sai ƙasa ta yi sanyi yake ƙyanƙyashewa da kyau, shi ya sa aka fi jin ta a Ostireliya, Sin, Arewacin Afirka, Gabas ta Tsakiya, da jihohin Rajastan da Haryana na Indiya inda ake kiran cutar molya. Ko a cikin nau'in nata akwai zuriya-zuriya. Ostireliya ta yi sa'a zuriya ɗaya gare ta, Ha13, kuma Cre3 tana kama ta da kyau, amma Cre3 ɗin nan ba ta aiki a kan Ha11 da Ha12 na Turai. Indiya sai da ta fitar da nata, Raj MR-1, don tata tsutsar.

Haka abin yake a juyin shuka. A Kwinsland ana shuka dawa don rage thornei, amma dawar nan tana ciyar da neglectus, a nan gida kuma tana ciyar da zeae. Wanda ya kwafo shawarar bai san sunan tsutsar gonarsa ba, zai iya ƙara wa kansa ciwo.

Sannan alkamar Kadawa da Haɗeja da Bakolori yaƙinta na farko da zafi ne: a shuka a tsakiyar Nuwamba, ta cika ido kafin zafin Maris. Irin su Norman da Reyna-28 da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar don wannan aka zaɓe su. Hanyar da ta dace ita ce a gano tsutsar da ke filayenmu na rani, a gwada irin da muke da su a kanta, sannan masu kyautata iri su nemi turjiyar daga layukan da cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, ke tacewa a shirinta na cututtukan ƙasa da ke Turkiyya, su barbara ta cikin irin da ya saba da zafinmu.

Tambaya: An ce shinkafarmu ta gargajiya, jar nan, ta fi ta zamani ƙarfin saiwa. Gaskiya ne? Daga wani manomi, Argungu.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma a wannan fanni dukiya ce babba. Shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma har yau ake samunta a fadamun Sakkwato da Kabi, tana da turjiyar da shinkafar Asiya ba ta cika samu ba. Akwai tsutsa mai ƙunshin ƙwai ta ƙasashe masu zafi, Heterodera sacchari, da aka fara bayyanawa a 1963 a kan rake a Kwango, tana kuma cin shinkafa a Najeriya da Kodebuwa da maƙwabta. Ta fi yin ɓarna a shinkafar tudu, a ƙasa mai rairayi, musamman in ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki: ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su yi kaɗan, saiwa ta yi baƙi. Layukan shinkafar Afirka irin su TOG5681 da CG14 suna hana ta hayayyafa, suna kuma turje wa mai sa saiwa kumburi, dangin Meloidogyne. A 2003 masu bincike suka gano mazaunin ƙwayar gadon da ke wannan aiki a kan sacchari, suka sa mata suna Hsa-1.

Matsalarta ka fi mu sani: tana kwanciya, tana zubar da ƙwaya kafin a yanka, amfaninta bai kai ba. In aka barbara ta da ta Asiya kuma 'ya'yan farko ba sa yin ƙwaya sosai, sai an yi ta mayar da su ga uwar Asiya. Ta haka Dakta Monty Jones ɗan Saliyo da abokan aikinsa a cibiyar binciken shinkafa ta WARDA, wadda yanzu ake kira AfricaRice, suka samar da irin shinkafar NERICA a shekarun 1990, kuma CG14 tana cikin iyayen na tudu. Amma da yake an yi ta komawa ɓangaren Asiya, kaso kaɗan ne na gadon Afirka ya rage, don haka sunan NERICA kaɗai ba shaidar turjiya ba ne, kowane lamba sai an gwada shi. Roƙonmu ga masu tsohon iri shi ne kada a bari ya ɓace, ko fegi ɗaya ne a riƙa sabunta shi.

Shinkafar da ke tsaye cikin ruwa kuwa tata tsutsar dabam ce, Hirschmanniella, wadda ruwa ba ya damunta domin a cikin ramukan iskar saiwa take zama. Tana ƙetare rani a cikin kututture da gyauro da ciyayi irin su aya-aya. A kife kututturen bayan girbi, a bar fegin ya bushe ƙayau. A Senegal an nuna cewa wani nau'in zamarke, Sesbania rostrata, in aka shuka shi aka kife shi yana ɗanye bayan kamar wata biyu, yana rage ta, ga kuma taki.

Tambaya: Tumatirina saiwarsa duk ta yi ƙulu-ƙulu. An ce in bi shi da masara tsutsar za ta mutu. Daga mai noman rani, Kura.

Amsa: Malam, wannan Meloidogyne ce, kuma masara ba tabbas ba ce. Irin masara da yawa suna ciyar da ita ba tare da kumburin ya fito fili ba, sai ka ga saiwa sumul alhali ƙwai na nan manne. Shinkafar da ruwa ke kwanciya a kanta wata uku zuwa huɗu ta fi masara rage ta nesa ba kusa ba. Gyaɗa ma ba ta ciyar da incognita, ko da yake tana ciyar da wata zuriyar arenaria. Kuɓewa, yalo, da yawancin wake kuwa ƙara ta suke yi. In ka duba saiwar wake ko gyaɗa kada ka rikita kumburin cuta da ƙullin taki: na taki a gefe yake manne, yana ɓallewa in ka murza, cikinsa ja-ja, na cuta saiwar ce da kanta ta kumbura.

Kana iya gwada irin masararka da kanka. Shuka iri uku ko huɗu a jere-jere, kowanne kunya huɗu, su ratsa wurin da cutar ta fi yawa, ka maimaita jerin sau uku, taki da ban-ruwa iri ɗaya. Awon girbi zai nuna maka mai juriya. Don sanin mai turjiya, bayan girbi ɗebi ƙasa daga ƙarƙashin kowane iri, wuri goma-goma, ka cika tukwane ko ledoji biyar-biyar, ka shuka kuɓewa a ciki. Bayan mako biyar zuwa shida ka zazzage ka wanke ka ƙirga kumburi. Ƙasar da kuɓewarta ta fi tsabta, masarar da ta fito daga nan ita ce ta rage tsutsar.

Game da tumatir mai turjiya da ake sayarwa, ƙwayar gadonsa, Mi, tana rauni in zafin ƙasa ya haura digiri 28, kuma nau'in enterolobii da ke Afirka ta Yamma yana ƙetare ta. Dashen da ya shiga zafin bazara ba zai sami kariyar da na sanyi ya samu ba.

Tambaya: Ba sai a zuba Furadan a huta ba? Daga Gombe.

Amsa: Ba mu ba da wannan shawara ba. Sinadarin da ke cikinsa, kabofuran, guba ne mai kashe mutum da kaji da tsuntsaye, yana kuma bin ruwa ya shiga rijiya. Tarayyar Turai ta hana shi, kuma a 2017 aka sa shi cikin jerin magunguna masu haɗari na Yarjejeniyar Rotadam. Makonni kaɗan yake kare saiwa, kafin girbi tsutsar ta dawo, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin ribar hatsi. Ruɓaɓɓen takin dabbobi da tunkuzar 'ya'yan darbejiya, a gauraya da ƙasa mako biyu kafin shuka, suna rage ta suna kuma taimaka wa saiwa ta yi sabbin rassa.

Tambaya: In na sami iri mai turjiya, zan iya ajiye shi in riƙa shukawa kowace shekara, ko ƙarfinsa yana ƙarewa? Daga wata manomiya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ya danganta da hatsin. Alkama da shinkafa da sha'ir kansu suke yi wa barbara, don haka irin da kika ajiye yana riƙe gadonsa muddin bai gauraya da wani ba a masussuka ko a buhu. Masara da gero da maiwa kuwa iska ke kai musu barbara daga gonar maƙwabta, cikin shekara biyu zuwa uku halin ya fara narkewa. Masarar haibirid ma tun a shuka ta biyu 'ya'yanta ke rarrabuwa, ita kam sabo ake saye kowace shekara.

Ta ɓangaren tsutsar ma akwai sauyi. In aka dage da iri ɗaya shekara da shekaru, 'yan ƙalilan da suka iya cin sa su ne za su hayayyafa. An ga haka a wani dogon gwaji a Faransa da hatsin ots mai turjiya: zuriyar da ke iya cin sa ta bayyana, mai sa miki kuma ta ƙaru a gurbin da mai ƙunshin ƙwai ta bari. Saboda haka a riƙa sauya iri, a kuma raba tsakanin hatsi da hatsi da wani abin da gwaji ya nuna ba ya ciyar da tsutsar gonar.

Ita tsutsar saiwa ba ta bin ƙwayar hatsi, ƙasa take bi. Hanyoyinta su ne dashen shinkafa ko tumatir daga bedin da ya kamu, laka a jikin garmar shanu da faifan tarakta, da ruwan da ya ratsa fegi mai cuta ya gangara na ƙasa. A fara aiki daga gona mai lafiya a ƙare a mai tabo, a kankare lakar garma a wanke ta a bakin gonar kafin a wuce, bedin dashe kuma a sauya masa wuri kowace shekara.